Yadda ake shiga gasar harbi irin ta kaboyi a Amurka, da dokokin da ke korar mutum daga fili

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan kaboyi ya san shigar nan, malafa mai faɗi, takalmin fata mai dogon wuya, libarba a ƙugu. To a Amurka akwai waɗanda suka mai da abin gasa ta gaske da harsashi na gaske, suna kiranta Cowboy Action Shooting. A kudancin Kalifoniya aka faro ta a farkon shekarun 1980, aka yi babbar gasarsu ta farko mai suna End of Trail a 1982, sannan a 1987 aka kafa ƙungiyar SASS wadda ita ke riƙe da littafin dokoki har yau. Yanzu ana yin wasan a Kanada da Turai da Ostareliya da Afirka ta Kudu ma. Wannan bayani na 'yan'uwanmu ne da ke zaune a irin waɗancan ƙasashe, ko mai son sanin yadda abin yake kawai. A Najeriya dai kada ma a fara, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, magana ta ƙare.

Matakin farko, ka je kallo, kada ka sayi komai. Wannan ita ce shawarar da kowane tsohon hannu zai ba ka kuma ita ce wadda sababbi suka fi ƙi ji. Kusan kowace ƙungiya tana da gasar wata-wata, ka nemi ta kusa da kai ka tuntuɓi mai shirya gasar ka ce masa kai baƙo ne, ka tafi da tabarau na kariya da abin toshe kunne. Tabarau dole ne ga duk wanda ke wurin har ɗan kallo, saboda faranti na ƙarfe ake harbi da harsashin dalma, dalmar tana tarwatsewa ta dawo baya. Kuma mutanen wasan nan, galibinsu dattawa ne, suna da son ara wa baƙo bindiga ya gwada, kafin ka ankara ka riƙe kala uku huɗu ka gane wadda ta zauna maka a hannu. Wanda ya yi gaggawar saye shi ne zai zo fili a ce masa ai wannan doka ba ta yarda da ita ba.

Na biyu, suna da tufafi. Kowa yana da laƙabi da yake yin rajista da shi, kuma ba a yarda mutum biyu su yi suna ɗaya ba ko da a furuci ne. Mai lamba ɗaya a SASS, Harper Creigh, da laƙabin Judge Roy Bean aka san shi. Tufafi kuwa kada ka takura kanka, wandon jins da riga mai dogon hannu da malafa da takalmin fata sun isa ka fara. Abin da ba a so shi ne hular hana-sallah, takalmin kambas na wasanni, kayan roba da na lailon, da safar hannu ta harbi irin ta zamani.

Na uku, bindigogi, nan ne aljihu yake kuka. Huɗu ake bukata, ba ɗaya ba, kuma duka sai ƙirarsu ta kasance ta kafin 1900, ko ta asali ko kwaikwayonta.

Libarba biyu, irin waɗanda sai ka ja hama, wato ɗan ƙarfen baya da ke bugun harsashi, da babban yatsa kafin kowane harbi. Uwarsu ita ce Colt ta 1873, amma ta asali tsada gare ta, shi ya sa yawancin mutane suke amfani da Ruger Vaquero ko kwaikwayon Colt da kamfanonin Uberti da Pietta suke ƙerawa a Italiya. Girman harsashi daga .32 zuwa .45. Sai raifil mai liba, wadda take cin harsashi irin na libarba, kamar Winchester 1866 da 1873 da 1892 ko Marlin 1894, kuma ka tabbatar tana ɗaukar goma domin gasar kashi-kashi ake yin ta, kowane kashi zagaye ɗaya, kuma kusan kowane zagaye goma ake harbawa. Ta huɗu bindigar tsuntsaye, ko dai mai baki biyu wadda ba ta tofar da kwanso da kanta, ko Winchester 1897 ta famfo, ko 1887 mai liba. In ka haɗa da bel da kube biyu na fata da ɗamarar harsashi da 'yar amalanken da ake tura kayan a ciki, kuɗi sai su haura dala dubu biyu, uku ba ka sani ba. Ni dai a ganina baƙo ya sayi libarba da raifil masu cin harsashi iri ɗaya, kuma .38 Special ya fi araha da sauƙin samu, .45 daɗin faɗa ne da shi kawai sai an zo biya.

Kube kuma akwai magana. Wasu suna son ɗaya ya zauna a gaban ciki a karkace, a zaro da hannun ɗaya gefen. Doka ta yarda amma kada karkacewar ta wuce digiri 30, kuma mai irin wannan sai ya koyi murɗa ƙugu duk lokacin da zai zaro ko zai mayar, in ba haka ba bakin bindiga zai leƙa wajen mutanen da ke gefensa. Ga sabon shiga, kube biyu miƙaƙƙu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya fi kwanciyar hankali.

Na huɗu, harsashi. Dalma zalla, ba mai rigar tagulla ba, domin mai riga yana lalata faranti kuma ɓarɓashinsa yana dawowa da ƙarfi. Gudun na libarba kada ya wuce ƙafa 1,000 a sakan, na raifil kada ya wuce 1,400. Ta ƙasa kuma kada ya gaza ƙafa 400, sannan akwai wani lissafi da ake yi, a ninka nauyin harsashi da gudunsa a raba da dubu, dole amsar ta kai 60. Misali mai nauyin giren 125 (giren shi ne awon nauyin harsashi) da yake gudun ƙafa 700 ya ba da 87.5, ya wuce lafiya. Na raifil kuma a nemi mai shafaffen kai, dalili shi ne a cikin bututun da ke ƙarƙashin bindigar harsasai a jere suke, kan wannan yana tokare da gindin na gabansa, mai tsini zai iya tayar da na gaba. Gasar wata yawanci zagaye biyar ne ko shida, kowane zagaye goma na libarba goma na raifil da huɗu ko fiye na bindigar tsuntsaye, to ka zo da kamar 150 na libarba da raifil da kwali biyu na bindigar tsuntsaye, rara ta fi gibi.

Na biyar, ranar gasa. Ka iso da wuri ka yi rajista ka zaɓi rukuni. Akwai na shekaru, tun daga yara 'yan 13 zuwa ƙasa har dattawa 'yan 70 da 80, akwai kuma na salo. Duelist hannu ɗaya yake harbi, Gunfighter bindiga ɗaya a kowane hannu, Classic Cowboy sai harsashi .40 zuwa sama da cikakkiyar shiga, masu Frontier Cartridge kuma baƙin albarushi suke amfani da shi, mai hayaƙi irin na 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah, har wani lokaci sai sun leƙa ta ƙasan hayaƙin kafin su ga faranti. Kai dai ka shiga rukunin shekarunka ka riƙe libarba da hannu biyu. Daga nan a yi taron jan kunne kan tsaro, a raba mutane ƙungiya-ƙungiya. Ka sani tun daga mota har teburin loda, babu bindigar da ake yarda ta kasance da harsashi a ciki, dogayen kuma, wato raifil da ta tsuntsaye, a buɗe ake ɗaukarsu baki sama.

Na shida, teburin loda. Nan ne kaɗai ake sa harsashi, kuma akwai mai kallon hannunka. Libarba tana da gida shida amma biyar ake sawa, hama ta kwanta a kan gidan da babu komai. A irin Colt yadda ake yi shi ne ka sa ɗaya, ka tsallake gida ɗaya, ka sa huɗu, ka ja hama har ƙarshe ka kwantar da ita a hankali, za ta sauka daidai kan wanda ka tsallake, sai ka nuna wa mai teburin ya gani da idonsa. Raifil ka ƙirga harsasanta a fili, ka cika bututu, cikin bakin kuwa babu komai, hama a kwance. Bindigar tsuntsaye a buɗe take ba komai, sai agogo ya fara tafiya ake sa mata, kuma biyu-biyu iyaka. Ƙirgar nan kada ka raina ta, mutane da yawa sun sa tara a maimakon goma saboda ana musu hira.

Na bakwai, kan layi. Akwai mai riƙe da agogo, shi ne alƙalin wannan zagaye, yana tsaye dab da kafaɗarka, da masu ƙirga kuskure mutum uku, da mai rubutu. Kafin a fara an riga an karanta labarin zagayen da tsarin da za a bi faranti. Wani tsari sananne da ake kira Nevada, faranti huɗu ne, ka bi 1, 2, 3, 4, ka dawo 3, 2, 1, ka sake 2, 3, 4, goma kenan. Wani kuma ɗaya a na farko, biyu a na biyu, uku a na uku, huɗu a na huɗu. Ka ajiye dogayen bindigoginka inda aka ce, ka faɗi 'yar jimlar da aka tsara don nuna ka shirya, agogo ya yi ƙara, ka fara. Farantan ba su da nisa, na libarba kamar yadi 7 zuwa 10, na raifil daga 13 zuwa gaba, kuma manya ne, amma wallahi da agogo ya yi ƙarar nan sai tsarin da ka haddace ya gudu daga kai. Gwanaye suna gama harbi 24 cikin ƙasa da sakan 20. Kai in ka yi sakan 60 ko 70 ba ka kuskure ko ɗaya ba, ka yi abin kai.

Lissafin maki lokaci ne, ana ƙara masa tara. Duk kuskure ɗaya sakan 5. Ka ɓata tsari ba da gangan ba, sakan 10, kuma sau ɗaya ake cinka a zagaye. Ƙaramin laifin tsaro, kamar ka ajiye raifil da kwanso a cikinta ko ka ja hamar libarba tun ba ta kai digiri 45 wajen faranti ba, shi ma sakan 10. Wanda kuwa ya ƙi bin tsari da gangan don ya ci riba, sakan 30 ne da kunya a kai. Masu ƙirga an hore su cewa in suna kokwanto to mai harbi ne da gaskiya, sai wanda suka tabbatar ya kuskure suke ƙirgawa.

Sai manyan laifuka, waɗannan su ya kamata ka haddace fiye da komai. Babbarsu dokar 170. Ka ɗauka daga inda kake tsaye zuwa faranti layi ne miƙaƙƙe, to bakin bindigarka yana da izinin kaucewa digiri 85 ta kowane gefe, dama da hagu da sama da ƙasa, da ya wuce haka an soke maka zagayen. Haka in ka yi tafiya da bindiga a ɗane da harsashi a baki, ƙafa ɗaya dole ta tsaya a wurinta har sai ka harba. Haka in ka mayar da libarba kube a ɗane, ko ka kwantar da hama da kanka ba alƙali ya ce ba, ko ka yi salon nan na fim da ake danne kunama ana kaɗa hama da tafin hannu. Bindiga marar harsashi ta faɗi ƙasa, zagaye ya tafi. Mai harsashi ta faɗi, ko bakinta ya ratsa ta kan mutum, ko harbi ya kuɓuce ya sauka cikin ƙafa biyar daga inda kake, to gasar gaba ɗaya ta ƙare maka ranar, sai dai ka zauna ka taya tsintar kwanso. Soke zagaye biyu shi ma kora ne. Kuma in bindiga ta faɗi kada ka sunkuya, alƙali ne yake ɗauka. Kalmomin da za ka ji da Turanci ba su da yawa, in ka ji "cease fire" ko "stop" ka daskare a yadda kake, baki wajen faranti, yatsa a wajen kunama.

Na takwas, teburin saukewa. Ka gama harbi ba ka gama ba tukuna. Ka kwashi dogayen bindigogi baki sama ka wuce ɗaya teburin, ka ja libar raifil sau da yawa a gaban mai duba, ka nuna cikin ta tsuntsaye, ka fitar da kwanso daga libarba biyun ka juya ya ga gida shida-shida babu komai, har wadda ba ka harba ba in ka zo da ita. Sai ya ce ka tafi. A nan sababbi suke cin tara mafi ban haushi, murna ta ɗebe su sun nufi amalanke kai tsaye.

To yanzu gardandamin da ba ya ƙarewa a wasan, tunda za ka ji su tun ranar farko gara ka san inda aka dosa.

Akwai masu cewa dokar harsashi biyar ta tsufa. Hujjarsu ita ce Ruger tun 1973 ta sa wani ɗan ƙarfe tsakanin hama da allurar da ke bugun gindin harsashi, wanda ba ya barin bindiga ta tashi sai an ja kunama, don haka ko shida aka sa ba komai. Maganarsu gaskiya ce a kan Ruger. Amma Colt da yawancin kwaikwayonta allurar a jikin hama take, in ta kwanta kan harsashi aka buge ta sai ta tashi, kuma mai teburin loda ba zai tsaya yana tantance ƙirar kowa ba alhali mutum ashirin suna jira. Doka ɗaya ga kowa ta fi, ni a nan ban ga abin ja ba.

Wadda ta fi zafi ita ce ta raunin harsashi da gyaran bindiga. Masu neman kofi suna rage albarushi har bindiga ba ta ko motsi a hannu, suna sa sifirin mai laushi, suna gajarta tafiyar libar raifil don ta yi sauri. 'Yan gargajiya suna cewa wane kaboyi ne ya taɓa riƙe irin wannan, har suna musu ba'a cewa harbinsu tusar ɓera ce. Irin wannan rashin jituwa ne ya sa wasu suke fifita ƙungiyar NCOWS da aka kafa a 1994, wadda ta fi tsanani kan cewa kaya su yi daidai da na zamanin kaboyi na kafin 1900. Ta fuskar daɗin wasa kowa da ra'ayinsa, ni ban damu da gajeriyar liba ba tunda doka ta sa mata iyaka. Amma ta fuskar tsaro akwai abu na gaske a ciki. Harsashin da aka rage wa ƙarfi da yawa, ko wanda mai haɗawa a gida ya manta bai sa masa albarushi ba, yakan maƙale a tsakiyar bututun da harsashi ke fita ta cikinsa, in ka bi shi da wani bututun ya kumbura ko ya fashe a hannunka. Alamarsa ƙara ce 'yar siririya, fut, ba irin ta sauran ba. Da ka ji haka ko alƙali ya yi ihun "squib", ka ajiye wannan bindigar baki gaba ka wuce ta gaba, a duba daga baya da sanda. Sakan 5 sau uku ko huɗu ba su kai yatsa ba. Harsashi mai rauni sosai kuma maimakon ya tarwatse a jikin faranti wani lokaci dawowa yake yi da girmansa.

Wannan ya kai mu ga batun nisan faranti. Shekarun nan ƙungiyoyi da yawa sun matso da su kusa sun ƙara musu girma, saboda mutane suna son sauri kuma dattawa ido ya yi rauni, wanda ya yi ta kuskure kuwa ba ya dawowa wata mai zuwa. Masu suka suna cewa an mai da gasar ta saurin yatsa kawai, kuma ɓarɓashin dalma ya ƙaru. Abin da na fi yarda da shi shi ne lafiyar farantin ta fi nisansa muhimmanci, wanda fuskarsa take sumul kuma aka karkata shi ƙasa yana zubar da dalma a gindinsa, wanda ya yi ramuka ko aka ɗaure shi da ƙusoshi a gaba shi ne yake jifan mutane. In ka je fili ka ga faranti duk ƙuraje, ka sa tabarau mai rufe gefen ido, ko ka nemi wani filin.

Akwai kuma reshen da ake kira Wild Bunch, inda ake ajiye libarba a ɗauki fistol ƙirar 1911, kuma lissafin ƙarfin harsashin fistol ɗin sai ya kai 150, ba 60 ba. Littafin dokokinsa daban ne, kada ka ɗauka wanda ka sani zai yi maka aiki a can, ka bari sai ka zauna sosai a na farkon.

Bayan an tashi, ka taya kwashe faranti, haka al'adar take, ba ma'aikata ba ne suke yi, 'yan wasan ne. Ka wanke hannu da fuska da sabulu da ruwan sanyi kafin ka ci komai, domin ƙurar dalma tana taruwa a jiki a hankali kuma ta fi illa ga yara, kayan da ka sa ma a wanke su daban. Mai harbi kowane wata ko mai haɗa harsashi a gida ya dinga zuwa gwajin jini. In kuma baƙin albarushi ka harba to kada ka kwana ba ka wanke bindigogin da ruwan zafi da sabulu ka busar ka shafa mai ba, tokarsa tana jan laima, kwana biyu ya isa tsatsa ta kama cikin bututu.